Bencin da Ya Ratsa Aji Biyu

Mijina tela ne, kuma tun da nake tare da shi, in ban da sau ɗaya, bai taɓa ɗinka rigar da ta yi wa mai ita daidai ba. Kada ku ɗauki alhakinsa, ba rashin iyawa ba ne. Ɗinkinsa sai dai yadi ya mutu ya bar zare. Matsalarsa guda ce: idan ya ɗora maka tef, ba kai yake aunawa ba, wani ƙato yake hangowa wanda yake zaton za ka zama nan gaba. Sai ya ƙara a kafaɗa, ya ƙara a ƙugu, ragowar yadin ya naɗe shi cikin kalmasa ya bi da ɗinki. Idan ka dawo kana iyo a cikin rigar, ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Ai za ka girma."

Daga nan unguwa ta laƙaba masa Za-ka-girma, kuma yana amsawa. Akwai wani tsoho mai gadi da baya ya riga ya lanƙwashe masa, ya kawo yadi aka yi masa riga, hannunta ya wuce yatsunsa. Ya dawo shago yana kaɗa hannayen ya ce, "Ɗan nan, ni da nake komawa ƙasa, ta ina zan girma?" Maigidana ya ce, "Baba, ba a sani ba." Tsohon ya tsaya ya yi tunani, ya naɗe hannun rigarsa ya tafi.

Ni kaina ban tsira ba. Rigar farko da ya ɗinka min muna sabon aure, sai da na haifi yara uku ta zauna a jikina. Ranar da ya gan ni na cika ta, bawan Allahn nan har tafi ya yi, wai, "Ba na faɗa miki ba?" Da ba don ina riƙe da jinjiri ba, da ludayin da ke hannuna ya ba shi amsa.

Na san inda abin ya samo asali, shi ya sa nake haƙuri, idan wannan da nake yi sunansa haƙuri. A gidan kawunsa ya tashi, da riga ɗaya da ta matse shi har ba ya iya ɗaga hannu a aji. Yana tsakiyar firamare kawun ya zo makaranta wata safiya, ya kama hannunsa ana cikin darasi, ya kai shi shago ya zaunar da shi gaban keken ɗinki. Ba wanda ya tambaye shi ko yana so. Idan yana ba da labarin dariya yake yi, amma ni ban taɓa ganin abin dariya a ciki ba.

To, yadda yake yi wa yadi haka yake yi wa 'ya'yansa. Baƙo ya kuskura ya tambaye shi me yaro zai zama, shi ke nan ya jawo wa kansa. "Likita. Ko kuma lauya. Ko kuma matuƙin jirgi. Ko kuma..." Shayi zai huce, baƙo ya fara neman takalmansa, shi yana nan yana ko kuma. Manyan yaranmu maza sun sha da ƙyar, don su da lokacin zaɓen darussa ya zo ba su gaya masa ba sai da aka yi nisa. Auta ce ta faɗa hannunsa, ita kaɗai ce mace, kuma ita ce ba ta iya ɓoye masa komai.

Ita Auta tun tana ƙarama kowa ya san inda ta dosa. Duk abin da ke juyawa a gidan nan sai ta buɗe cikinsa. Fanka, rediyo, injin markaɗena, har keken ubanta. Za ta kwance su a tsakar ɗaki ta jera ƙusoshi a faranti, ta mayar, ƙusa ɗaya ta yi saura, abin kuma ya fi da aiki. Sukundireba take sakawa a gashinta inda 'yan mata ke saka abin ado. Ko yaushe ka tambaye ta, amsarta ɗaya ce: injiniyar injuna. Ubanta ya ce, "Madalla. Ko kuma..."

Da suka gama ƙaramar sakandare, makaranta ta kira iyaye. Aka tara mu a fili da hantsi, shugaban makaranta ya hau kan dakali yana magana, hannu ɗaya riƙe da lasifika, ɗaya riƙe da ƙugun wandonsa, don shi ma maigidana ke yi masa ɗinki. Ya ce daga yau aji ya kasu uku, kuma abin da yaro ya zaɓa shi zai nuna abin da zai iya karantawa a jami'a. Masu son kimiyya su koma gindin bishiya, masu adabi su je wajen famfo, masu kasuwanci bakin ƙofa.

Kafin ka ce me, fili ya watse. Auta ta ɗaga ƙafa za ta nufi bishiya, ubanta ya riƙe mata hannu. Ni na riga na isa inuwa, na waiwayo, sai ga mutum biyu tsaye a tsakiyar rana, ɗaya da tef a wuya, ɗaya cikin yunifom da zai ɗauki ita da ƙawarta.

Shugaba ya ce ta lasifika, "Malam tela, lafiya?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Tambaya ce da ni. Idan ta je bishiya, me za a hana ta?"

"Ba hana ta za a yi ba. Sai dai ba za ta karanta lauya ba, misali, don wannan sai da adabi."

"Ash! To idan ta je famfo fa?"

"Ba likita, ba injiniya."

"Subhanallahi. Ƙofa fa?"

"Malam, ko ina ta je akwai abin da za ta bari."

"To ai shi ke nan, ranka ya daɗe. Mu nan za mu tsaya."

Iyaye suka fashe da dariya. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska ina cewa ƙasa ta tsage in shige. Wata mata kusa da ni ta ce, "Ko mijin wace ce wannan?" Na ce, "Wallahi nima ita nake tausayi."

A gida na yi faɗa har muryata ta dushe. Na ce yarinya ta faɗi abin da take so tun ba ta iya ɗaura ɗankwali ba. Ya ce ai yanzu take so, wa ya san abin da za ta so idan ta girma? Yadi idan ka yanke ba ya komawa. Na ce Auta ba yadi ba ce. Ya ce shi ya sa ma ya fi jin tsoro.

Washegari ya tare a ofishin shugaban makaranta. Ba faɗa, ba ɗaga murya. Zai zo da safe ya gaishe shi, ya zauna, ya ce yana jiran a samo mafita. Da zaman ya ishe shi sai ya fara aune-aune. Ya auna labule, ya auna rigar teburi, ya auna masinja. Wani babban jami'i ya zo duba makaranta, yana cikin magana ya ji tef a kafaɗarsa. Shugaba ya fara shigowa ofishinsa ta ƙofar baya, maigidana ya gano ƙofar bayan.

Ana cikin haka ne ya gano wata kafa. Ajin kimiyya da ajin adabi asalinsu zaure ɗaya ne, aka raba shi da katangar katako. Kafintan da ya yi aikin katako ya ƙare masa kafin ya kai bango, sai aka bar wani ɗan sarari can baya kusa da taga, wanda siririn mutum zai iya ratsawa a karkace. Maigidana ya tsaya gaban wannan sarari kamar ya tsinci zinare. Ya koma ofis da gudu. Shugaba, wanda a lokacin ko cewa aka yi a zaunar da Auta kan rufin kwano zai sa hannu, ya ce, "Ka yi duk abin da ka ga dama, Malam, ka dai fitar min daga ofis."

Maƙwabcinmu kafinta shi ya yi bencin. Dogo ne siriri, aka zura shi ta sararin, rabi a kimiyya, rabi a adabi. Maigidana ya sa aka goge samansa ya yi santsi, ya ɗinka wata 'yar matashiya mai sulɓi don Auta ta riƙa zamewa daga wannan aji zuwa wancan ba tare da ta tashi ba. Ya ɗinka mata jaka mai aljihu biyu, ja na kimiyya, shuɗi na adabi. Ya koya mata tsarin: idan ana darasi mai nauyi a dama, ta zame dama, idan a hagu ne, ta zame hagu. Idan kuwa duka biyun masu nauyi ne, ta zauna a tsakiya, katako daidai hancinta, kowane kunne ya ɗauki nasa.

Na ce, "Malam, kai ka taɓa jin mutum biyu suna magana lokaci ɗaya ka fahimta?"

Ya ce, "Ke da ƙanwarki fa? Shekara nawa ina yi?"

Yarinyar nan tana son ubanta so mai tsanani, ko kara ya ajiye ba ta tsallakewa. Ta ɗauki jakarta mai aljihu biyu ta tafi. Da safe a kira suna a kimiyya ta amsa, ta zame, a kira a adabi ta amsa. Yara suka sa mata Rabi-da-rabi. Siket ɗinta ya fara ƙyalli ta baya saboda zamiya.

Saura kasuwanci. Shi wannan ajin yana can ƙetaren fili kusa da ƙofa, kuma duk iya lissafin maigidana bai samo bencin da zai kai can ba. Na yi hamdala na ce ko ba komai an rage ɗaya. Ashe ban san mijina ba. Wata safiya na ga ya saka rigarsa mai kyau, ya zuba maɓallai da allura a aljihu, ya ce, "Kasuwanci ni zan ɗaukar mata."

Haka aka yi, wallahi. Mutum mai furfura a gemu ya je ya tsaya a tagar ajin kasuwanci kan bulo, yana ɗinka maɓalli yana sauraro. Da farko malamin ya zaci mai jiran wani yaro ne. Da ya ga kullum yana nan, ya ƙyale shi. Ba a jima ba ya fara ɗaga hannu ta taga idan an yi tambaya. Shago kuwa yana rufe har azahar, masu kaya suna zuwa suna buga min ƙofa, ni ce mai ba da haƙuri.

Da yamma ya zaunar da Auta a shago ya juye mata abin da ya kwaso, rabi daidai, rabi nasa ne na kansa. Gidan gaba ɗaya ya koma ajin kasuwanci. Kicin ɗina ya zama ɓangaren samarwa. Yara suka zama masu buƙata. Ran nan ya dube ni ina wanke-wanke ya ce wai a tsarin gidan nan shi ne jari, ni ce ƙwadago. Na ce ya tambayi malaminsu gobe abin da ke faruwa da jari ranar da ƙwadago ya tafi yajin aiki. Ya ce ba su kai nan ba tukuna.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na lokacin ba. Yana dawowa fuskarsa na sheƙi, yana cewa, "Yau na amsa guda biyu, ɗaya ma daidai ce." Ita kuwa Auta kullum ƙara shiru take. Ta daina kwance fanka. Injin markaɗena ya lalace ya kwana biyu a gabanta ba ta ko dube shi ba, sai a lokacin hankalina ya tashi sosai.

Da aka yi jarrabawar zango, malamar fiziks da kanta ta zo shago. Mace ce gajera mai tabarau, ba ta da wasa. Na kawo mata ruwa na tsaya a bakin ƙofa, don na san ba alheri ya kawo ta ba. Ta zaro takardar Auta ta ce, "Malam, saurari abin da 'yarka ta rubuta. Tambaya: me ke faruwa da ƙarfe idan ya ji zafi? Amsa: yana faɗaɗa, har ya mamaye garuruwan da ke maƙwabtaka da shi, daga baya 'ya'yansa su raba shi a tsakaninsu."

Maigidana ya gyaɗa kai ya ce, "Kin ga ta haɗa ilimi biyu a layi ɗaya."

Ta ce, "Malamin tarihi ma yana da tasa. Wai daular ta rushe ne saboda an cire mata batir."

Ni dariya ta kusa ƙwace min, amma da na ga fuskar malamar sai ta koma ciki. Ta cire tabarau ta ce, "Yarinyar nan ta fi duk 'yan ajina hannu. Idan aka shiga ɗakin gwaje-gwaje, kafin in gama bayani ta haɗa kayan. Amma rabin darasina ba ta ji ba. Nan gaba kaɗan akwai gwajin tantancewa, duk wanda ya faɗi fiziks za a cire shi daga kimiyya, kuma ba dawowa. Yadda take yanzu, faɗuwa za ta yi."

Maigidana ya ce, "To ai shi ya sa muka riƙe adabi."

"Na yi magana da su. Sun ce ba za su karɓe ta ba, su kafaɗarta ta hagu kawai suka sani."

"Kasuwanci fa?"

"Malaminsu ya ce bai taɓa ganinta ba. Amma ya ce idan kai ne, akwai wuri."

Ta tafi ta bar shi yana murza tef. Na zaci maganar ta shige shi. Da dare sai na ji yana tambayar yayan Auta ko akwai yadda za a yi a sa wa bencin taya, don zamiyar ta fi sauri.

Nan na ce to, bari in yi masa da yaren da yake ji. Washegari da rana ya dawo daga tagarsa da yunwa, na shimfiɗa masa tabarma, na ajiye tire a gabansa na buɗe. Ɗanyar shinkafa a kwano, albasa guda da ɓawonta, ƙwai biyu ɗanyu, gishiri a gefe.

Ya ce, "Uwar yara, mene ne wannan?"

Na ce, "Abinci ne, Malam. Ban dafa ba ne don kada in tauye shi. Ƙwan nan idan na soya, ba zai dafu ba. Idan na dafa, ba zai soyu ba. Yanzu kuwa yana iya zama komai. Ko kuma ma ya ƙyanƙyashe ya zama kaza. Ba a sani ba."

Na koma gefe na naɗe hannu ina jira. Ya dubi ƙwan, ya dube ni, ya sake duban ƙwan. Sai ya ɗauki albasar ya ɓare ya gatsa, hawaye na zubo masa, ya ce, "Alhamdulillahi, kin fara fahimta." Ƙwan kuma ya kai su ƙarƙashin kazar maƙwabta. Ranar na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi ihu cikin matashin kai.

Abin da bakina ya kasa, hannun riga ne ya yi shi. Yunifom ɗin Auta tun na shekararta ta farko a sakandare ne, wanda ya ɗinka mata da faɗi da tsawo yana jiran ta cika shi. Hannun rigar kullum a naɗe yake ninki uku. Ana gwaji a ɗakin gwaje-gwaje, ta taho daga adabi a makare tana sauri, naɗin ya warware, hannun rigar ya sauka kan ɗan murhun gas. Wuta ta kama. Malamar ce ta yi maza ta lulluɓe ta da tawul. Allah ya tsare, fatar ba ta ƙone sosai ba, ɗan ja kawai ta yi, amma hannun rigar ya tafi har gwiwar hannu.

Da na gan ta a bakin ƙofa tana warin ƙauri, na jawo ta ciki na zaunar. Na shafa mata magani ina kuka ina zagi, ban ma san wa nake zagi ba. Shi kuwa ya rasa abin yi, sai ya koma ga abin da ya iya. Ya ce, "Zo in auna ki, in yi miki sabuwa."

Ya ɗora tef a kafaɗa, ya duba. Ya ɗora a hannu, ya duba. Ya auna tsawo. Ya ɗaure fuska ya sake aunawa. Shi awon 'ya'yansa a ka yake riƙe da shi, kuma abin da ya gani shi ne dai na bara, shi ne na bara waccan. Ya ce tef ɗin nan ya miƙe, ya ɗauko wani. Wancan ma haka.

Auta ta ce, "Baba, ba tef ba ne. Na gama tsawo. Iyakata ke nan."

"Haba, ai za ki..."

"Ba zan girma ba, Baba." Ta katse shi, ta ci gaba. "Rigar nan tun da ka ɗinka ta nake jira in cika ta don ka ji daɗi, ban cika ta ba. Bencin ma na zauna don ka ji daɗi. Ni ba na son lauya, ba na son kasuwanci, ba na son in zama kowa da kowa. Inji nake so. Shi kaɗai nake so, kuma shi ne za a ƙwace min."

Tun da aka haife ta ban taɓa jin ta yi masa magana mai tsawon haka ba. Ya zauna kan kujerar keke, tef biyu a hannu. Can ya ce, a hankali, ba ita yake kallo ba, "Ni an yanke ni tun ban san girmana ba. Na ce ke ba za a yi miki haka ba."

Ta ce, "Kai ba a tambaye ka ba, Baba. Ni an tambaye ni, na kuma faɗa."

Na buɗe baki zan ƙara nawa, don ina da shi da yawa a ajiye. Sai na ga idonsa, na rufe bakina. Wannan shi ne karo na farko da na yi shiru ina da gaskiya, kuma ban ji daɗinsa ba ko kaɗan.

Da safe ya ari zarto wurin kafinta ya bi Auta makaranta. Ana tsakiyar darasi a duka azuzuwan biyu ya shiga ya yi sallama, ya durƙusa a bakin sararin ya fara yanka bencin. Malamin tarihi ya tsaya, malamar fiziks ta tsaya, yara suka hau kan tebura suna kallo. Shi ba kafinta ba ne, zarton sai maƙalewa yake, ya yi gumi sharkaf. Da bencin ya rabu biyu, kowane rabi ya kife, don ƙafa bibbiyu suka rage masa a gefe guda. Sai da aka nemo bulo aka tokare na Auta. Ɗaya rabin ya saɓa a kafaɗa ya ratsa fili da shi, shugaban makaranta na leƙensa ta labule.

Daga ranar Auta ta duƙufa. Malamar ta riƙa tsayar da ita bayan an tashi tana biya mata abin da ya wuce ta. Gidanmu ya koma shiru, ba jari ba ƙwadago. Shi kuma ya yanko sabon yadi ya shimfiɗa a teburi, ya zana awon da alli, ya ɗauki almakashi ya ajiye, ya ɗauka ya ajiye. Na ga allin ya ɗan matsa waje, na yi gyaran murya daga bakin ƙofa. Ya goge ya mayar kan layi.

Ranar gwajin da sassafe ya miƙa mata rigar. Ta shiga ɗaki ta saka ta fito. Kafaɗa a kan kafaɗa, hannu ya tsaya daidai wuyan hannu. Na kama kalmasar na murza da yatsa ina neman inda ya ɓoye yadi, babu ko kaɗan. Shi kuwa ya tsaya yana kallonta kamar baƙuwa ce ta shigo gidan.

Ya ce, "Uwar yara, ashe 'yar ƙarama ce."

Na ce, "Haka take tun da can."

Ya ce, "Duk shekarun nan wata nake yi wa ɗinki." Ya juya ya shiga shago yana cewa wai zare ya shiga masa ido.

Ta ci gwajin. Ba da wani babban maki ba, kada in yi muku ƙarya, da ƙyar ta haye, kuma malamar ta ce har yanzu akwai wata daula da ta leƙo a amsa ta huɗu. Amma tana kimiyya, a kujera ɗaya, kunnuwanta biyu suna fuskantar allo ɗaya. Ranar da sakamako ya fito ta dawo ta kwance injin markaɗena, ta mayar, ƙusa ɗaya ta yi saura.

Rabin bencin yana nan ƙarƙashin tagar ajin kasuwanci, an tokare shi da bulo. Maigidana na zuwa sau biyu a mako, da sharaɗin sai ya gama kayan mutane. Ya ce ba don kowa yake zuwa ba, kada dai a bar benci ya lalace. Ni kuwa har 'yar matashiyar na wanke masa. Ɗinkinsa na mutanen gari kuwa bai canja ba, shugaban makaranta har gobe da hannu ɗaya yake jawabi. Na kai masa tawa rigar na ce tunda an fara gyara a rage min ita, ya dube ni ya ce, "Ke kam za ki girma."

Kwanan baya wani abokinsa ya zo shago, Auta na tsugune gaban keke da sukundireba tana gyara masa bel. Ina kawo musu shayi na ji baƙon ya ce, "Wannan 'yar taka me za ta zama?"

Na tsaya da tiren a hannu. Auta ma hannunta ya tsaya, ba ta ɗago ba.

Maigidana ya ce, "Injiniya."

Na ga leɓensa ya motsa. Na ga "ko kuma" ɗin nan tasa ta taso masa tun daga ciki har maƙogwaro. Ya dubi bayan 'yarsa, ya ɗauki shayin da zafinsa ya kurɓa, ya haɗiye su tare.